Ƙanwata ta yi ɓari, yanzu an ce ciwon daji ne ya biyo baya: za ta warke?

Tambaya: Likita, ƙanwata ce, shekararta 29. Ta yi ɓari wata biyar da suka wuce, aka yi mata wankin ciki. Tun daga nan jini bai tsaya mata sosai ba, ya ɗauke ya dawo. Gwajin fitsari har yanzu yana nuna tana da ciki, amma an yi sikanin babu jariri. Kwanan nan ta fara tari, aka ɗauki hoton ƙirji aka ga wasu ɗigo-ɗigo a huhunta. Likitanta ya ce ciwon daji ne mai suna koriyokasinoma, kuma allurai za a fara mata, ba tiyata ba. Ta yaya ɓari zai zama daji? Tunda ya kai huhu, akwai sauran fata? Me zai hana a cire mahaifar a huta? Kuma za ta sake haihuwa?

Amsa: Sannunku da jinya, 'yar'uwa, Allah ya ba ta lafiya. Bari in fara da abin da ya fi damun ki. Akwai fata, kuma ba fatan lallashi ba. A cikin duk cututtukan daji da ke kama al'aura da mahaifar mace, babu wanda magani yake ci kamar wannan. Matan da aka sa a rukunin ƙaramin haɗari kusan dukkansu suna warkewa sarai, waɗanda ke rukunin babban haɗari kuwa, idan sun sami kulawar da ta dace, kusan tara cikin goma suna tashi. Wannan lissafin ya haɗa da waɗanda ciwon ya riga ya kai musu huhu. Sai dai warkewar tana da sharaɗi guda, kuma a kansa zan daɗe, domin a nan ne ake yin asarar matan da bai kamata a rasa ba.

Ga yadda abin yake faruwa. Idan mace ta ɗauki ciki, ƙwan da ya haɗu da maniyyi yana rabuwa gida biyu. Sashe ɗaya ya zama jariri, ɗayan ya zama mabiyiya. Ƙwayoyin da ke gina mabiyiya an halitta su da wata ɗabi'a ta musamman: suna hayayyafa da sauri, suna kutsawa cikin bangon mahaifa, suna huda jijiyoyin jinin uwa domin su jawo wa jariri abinci. A cikin lafiyayyen ciki wannan kutse yana da iyaka, kuma idan aka haihu ko aka yi ɓari, ragowar ƙwayoyin sai su mutu cikin 'yan makonni. Koriyokasinoma tana samuwa ne idan wasu daga cikin waɗannan ƙwayoyin suka ƙi mutuwa, suka ci gaba da aikinsu na kutse ba tare da birki ba. Tunda dama sana'arsu shiga jijiyar jini ce, ba sa ɓata lokaci kafin su bi jini su tafi. Wurin da jinin ya fara kai su shi ne huhu, shi ya sa a cikin matan da ciwon ya bazu, kusan kashi 80 cikin 100 a huhu ake ganinsa. Bayan huhu sai farji, sannan hanta da ƙwaƙwalwa, waɗanda ba su cika faruwa ba amma sun fi haɗari.

Saboda haka ba ɓarin ne ya rikiɗe ya zama daji ba, kuma ba wankin cikin ne ya jawo ba. Ragowar mabiyiyar wancan cikin ce. Ciwon yana iya biyo bayan kowane irin ciki. Kusan rabin masu kamuwa da shi sun yi abin da muke kira cikin mola ne, wato cikin da tun farko ya lalace, mabiyiya ta kumbura ta zama ƙananan ƙulle-ƙulle masu ruwa kamar 'ya'yan inabi. Ragowar rabin kuwa sun rabu tsakanin waɗanda suka yi ɓari ko ciki a wajen mahaifa, da waɗanda suka haifi ɗansu lafiya lau a kan kari. Ciwo ne da ba a cika gani ba: a Turai da Arewacin Amurka ana ƙiyasta shi da kusan ɗaya a cikin ciki 40,000, a ƙasashen gabashin Asiya ya fi haka yawa. Likita yana iya yin shekaru yana aiki bai ga ko guda ba, kuma wannan ƙarancin nasa yana cikin dalilan da ke sa a makara wajen gano shi.

Zan ɗan tsaya a kan cikin mola, domin ina zargin mai yiwuwa abin da aka kira ɓari a wajen ƙanwarki shi ne, musamman idan ba a kai abin da aka wanko ɗakin gwaji ba. Iri biyu ne. A cikakken mola, ƙwan mace ba ya ɗauke da ƙwayoyin gadon uwa, sai na uba kaɗai suka ninka kansu suka cika 46, babu jariri ko alamarsa. A rabin mola kuwa, maniyyi biyu ne suka shiga ƙwai ɗaya, ƙwayoyin gadon suka zama 69, jariri yana iya fara samuwa amma ba ya rayuwa. Bayan an wanke cikakken mola, kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na matan suna buƙatar kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji, daga baya. A rabin mola adadin ƙanƙani ne, bai kai kashi biyar ba. 'Yan mata ƙanana sosai da matan da suka haura 40 sun fi shiga haɗarin yin irin wannan cikin. A nan sai in ja hankalinki: jin an ce ƙwayoyin gadon uba kada ya sa a juya kan mijinta. Kuskure ne da ke faruwa a lokacin haɗuwar ƙwai da maniyyi, ba cuta ce da yake ɗauke da ita ba, ba a ɗaukarta ta saduwa, kuma babu abin da shi ko ita suka yi ko suka bari da ya jawo ta.

To, batun gwajin da ke nuna tana da ciki alhali babu jariri. Gwajin ciki ba jariri yake gani ba. Wani sinadari yake nema mai suna hCG, wanda ƙwayoyin mabiyiya ne ke samar da shi. Bayan haihuwa ko ɓari yakan sauka ya ɓace cikin mako huɗu zuwa shida. Muddin akwai ƙwayoyin mabiyiya masu rai a jiki, ko a mahaifa suke ko a huhu, sinadarin zai ci gaba da fitowa, kuma yawansa a jini yana tafiya daidai da yawan ciwon. Wannan babbar sa'a ce. A yawancin cututtukan daji likita yana dogara ne da hoto, hoto kuwa ba ya ganin ciwo sai ya kai wani girma. A wannan ciwon, gwajin jini ɗaya yana faɗa mana ko magani yana ci, ko ya daina ci, ko da sauran rina a kaba, tun kafin hoto ya nuna komai.

Darajar wannan gwajin da wahala aka gane ta. Kafin shekarun 1950, macen da koriyokasinoma ta bazu a jikinta kusan babu makawa mutuwa take yi cikin shekara guda. A 1956, wani likita ɗan asalin ƙasar Sin mai suna Min Chiu Li, tare da abokin aikinsa Roy Hertz, a Cibiyar Nazarin Ciwon Daji ta Ƙasa da ke Amurka, suka ba da rahoton matan da suka yi wa magani da metotireksat, ciwon ya ɓace daga huhunsu. Wannan ne karo na farko da aka warkar da ƙullin daji da ya riga ya bazu da magani kaɗai. Amma Li ya lura da wani abu: bayan hoto ya nuna huhu fes, mace ta miƙe tana jin garau, sinadarin hCG bai gama sauka ba. Sai ya ci gaba da ba su maganin har sai ya sauka gaba ɗaya. Shugabanninsa suka ga yana ɗura wa masu lafiya guba ne ba dalili, aka sallame shi daga aiki. Daga baya aka ga cewa matan da aka tsayar wa magani da wuri ciwon ya dawo musu, nasa kuwa suka zauna lafiya. A 1972 yana cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker saboda wannan aikin.

Sharaɗin da na ambata ke nan. Bayan zagaye biyu ko uku na allurai, jinin zai tsaya, tarin zai tafi, ƙanwarki za ta fara cin abinci, kowa a gida zai ce alhamdu lillahi ta warke. A daidai wannan lokacin ne gajiya da zuwa asibiti take kama mutum, a daidai lokacin ne kuma barin magani ya fi illa. Jin sauƙi ba shi ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne lambar hCG ta sauka zuwa ta wadda ba ta da ciki, wato ƙasa da 5 a yawancin ɗakunan gwaji, kuma ko ta sauka ba a tsayawa nan take. Ana ƙara zagaye biyu zuwa uku, kimanin mako shida, domin a kashe ragowar ƙwayoyin da suka yi ƙanƙantar da gwaji ba ya jin su. Ciwon da aka bari a rabin hanya ya dawo, yakan dawo ne ya saba da maganin farko, sai an koma ga mai ƙarfi, mai wahala.

Game da kaiwarsa huhu, na san abin da ya faɗo miki a rai. A sankarar mama ko ta hanji, idan aka ce ta kai huhu, magana ta canza. A nan ba haka ba ne. Za ki ji an ce tana mataki na uku, amma matakin ba shi ke zaɓar magani ba. Ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta duniya, FIGO, tana da wani tsarin ba da maki da aka amince da shi a 2000. Ana duba shekarun mace, ko ta kai 40 ko ba ta kai ba, da irin cikin da ya gabata, da watannin da suka wuce tun ƙarewarsa, da yawan hCG, da girman ƙullin, da wurin da ya bazu da adadin wuraren, da kuma ko an taɓa gwada kemo bai ci ba. Abin da zai ba ki mamaki, huhu ba shi da maki ko ɗaya a wannan lissafin, alhali hanta ko ƙwaƙwalwa maki huɗu ne. Jinkiri kuwa yana da tsada: ƙasa da wata huɗu babu maki, wata huɗu zuwa shida maki ɗaya, bakwai zuwa sha biyu maki biyu, fiye da shekara maki huɗu. Idan jimillar ta tsaya daga 0 zuwa 6, ƙaramin haɗari ne. Daga 7 zuwa sama, babban haɗari. Ki tambayi likitanta kai tsaye makin ƙanwarki nawa ne. Tunda an ga abu a huhu, ki kuma tambaya ko an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da na hanta, domin sakamakonsu yana iya canza maganin gaba ɗaya.

Idan ƙaramin haɗari ne, magani ɗaya ake bayarwa, yawanci metotireksat ko aktinomaisin D. Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne na kwana takwas: allurar metotireksat a rana ta 1, 3, 5 da 7, sannan ƙwayar folinik asid a rana ta 2, 4, 6 da 8 domin ta kare lafiyayyun ƙwayoyin jiki. A huta kwana shida, a sake. Wannan tsarin ba ya cika zubar da gashi. Abin da aka fi kuka da shi shi ne gyambon baki, da bushewa ko zafin ido, wani lokaci da ciwon ƙirji idan an ja numfashi. Kusan mace ɗaya cikin uku maganin farko ba ya ƙarasa mata aikin, lambar ta sauka ta tsaya cak ko ta fara hawa, musamman masu maki biyar ko shida. Idan hakan ta faru kada hankalinku ya tashi. Canza magani ake yi, kuma a ƙarshe su ma warkewa suke yi.

Idan babban haɗari ne, ana haɗa magunguna biyar a wani tsari da ake kira EMA-CO, wanda aka samar a asibitin Charing Cross da ke Landan, inda wani likita mai suna Kenneth Bagshawe ya kafa aikin kula da wannan ciwon. Shi kam yana da nauyi. Gashi yana zubewa ya sake fitowa daga baya, jini yana raguwa, garkuwar jiki tana sauka, kuma yana iya matso da lokacin ɗaukewar al'ada da 'yan shekaru. Ga 'yan kaɗan da duk wannan bai yi musu ba, yanzu akwai magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki, irin su femburolizumab, kuma sun yi wa da yawa daga cikinsu aiki. A ganina abin koyi mafi girma daga Birtaniya ba maganin ba ne, tsarin ne. Tun 1973 duk macen da ta yi cikin mola ana yi mata rajista, ana bibiyar hCG ɗinta daga cibiyoyi uku, Landan da Shefil da Dandi. Saboda haka ana kama ciwon tun bai yi nisa ba. Abin da ke cetonsu gwaji ne mai sauƙi da ake yi a kan kari, babu fashi.

Tambayarki ta cire mahaifa tambaya ce mai ma'ana, kuma iyalai da yawa suna yin ta. Amsar ita ce cire mahaifa ba zai taɓa abin da ke huhu ba. Ko an cire, sai an yi kemon, an kuwa raba mace mai shekara 29 da haihuwa ba tare da wata riba ba. Tiyata tana da wurinta: idan jini ya ɓalle ya ƙi tsayawa, ko ƙullin ya huda bangon mahaifa, ko wani ƙulli guda ya ƙi jin magani, ko mace ta gama haihuwa kuma ciwon bai fita daga mahaifa ba. Akwai kuma wasu nau'o'i biyu na wannan dangin ciwon, waɗanda suka fi koriyokasinoma ƙaranci, da ba sa jin kemo sosai, su kam tiyata ce maganinsu na farko. Amma a yadda kika bayyana, likitanta yana kan hanya.

Wasu abubuwa da ya kamata ke mai jinya ki riƙe. Idan aka ga wani ƙulli mai launin shuɗi-shuɗi ko ja a cikin farjinta, kada kowa ya yanka ko ya tsinko shi da sunan gwaji. Cike yake da jijiyoyin jini, yana iya ɓallewa da zubar da ke da wuyar tsayarwa. Haka kuma sake wankin ciki a kai a kai don jini ya tsaya ba magani ba ne, yana ma iya huda mahaifa. Yayin da take kan metotireksat, kada ta sha maganin ciwon jiki irin su ibufurofen da daikulofenak, ko maganin ƙwayoyin cuta na Septrin, ko ƙwayoyin ƙarin jini masu folik asid (wanda ya bambanta da folinik asid ɗin da ke cikin tsarin maganinta), sai da izinin likitanta, domin wasu suna sa maganin ya taru a jiki ya zama guba, wasu kuma suna rage masa ƙarfi. Duk wani abin sha da wani zai kawo da kyakkyawar niyya, a fara nuna wa likita, saboda hanta da ƙoda suna da aiki a gabansu. Idan kuwa zafin jikinta ya kai 38, ko jini ya tsananta, ko numfashi ya yi mata wuya, ko ta yi matsanancin ciwon kai, ko jijjiga, ko wani ɓangaren jikinta ya saki, ko cikinta ya murɗa farat ɗaya, asibiti za a nufa a wannan lokacin, ko da tsakar dare ne.

Ki sami littafi ƙarami ki riƙa rubuta kwanan wata da lambar hCG duk lokacin da aka yi gwaji. Na fi son in ga wannan littafin a hannun mai jinya fiye da tarin hotuna. Idan da hali, a riƙa yin gwajin a ɗakin gwaji ɗaya, domin injina suna bambanta, kuma abin da muke kallo shi ne yadda lambar ke tafiya daga mako zuwa mako. Gwajin jini ake so, ba na fitsari ba. Na fitsari eh ko a'a kawai yake cewa, kuma abin mamaki, idan sinadarin ya yi yawa fiye da kima yana iya rikita shi ya nuna babu komai.

Haihuwa kuma, in sha Allahu za ta yi. Fiye da kashi 80 cikin 100 na matan da suka nemi ciki bayan wannan maganin suna samu, kuma ba a ga ƙaruwar nakasa a 'ya'yansu ba. Amma sai ta jira shekara guda cur bayan zagayen ƙarshe. Dalili biyu ne. Na farko, idan ciwon zai dawo, a cikin wannan shekarar ya fi dawowa. Na biyu, sabon ciki shi ma yana ɗaga hCG, sai likita ya rasa gane ko jariri ne ko ciwo, ya rasa idon da yake gani da shi. Saboda haka tsarin iyali a wannan shekarar wani ɓangare ne na maganin, kuma wannan magana ce da ya kamata a yi ta a gaban mijinta, daga bakin likita, don kada nauyin ya faɗa kanta ita kaɗai. Ƙwayoyin sha da allura da ashanar hannu duk suna yi. Robar da ake sawa a mahaifa ce ake jinkirtawa har sai lambar ta sauka. A cikin shekarar za a riƙa gwada jininta, da farko kusa-kusa, daga baya wata-wata, wasu cibiyoyin ma suna ci gaba da bibiya har shekara 10.

Idan ta sami cikin gaba, ta je a yi mata sikanin da wuri don a tabbatar lafiyayye ne kuma yana cikin mahaifa. Ga wadda ta taɓa yin cikin mola, yiwuwar ya maimaitu kusan ɗaya ne cikin 100. Ta gaya wa duk wanda zai karɓi haihuwarta tarihin wannan ciwon. Kuma ko yaya cikin ya ƙare, haihuwa ce ko ɓari, a gwada hCG ɗinta bayan mako shida.